Kowace naƙasa da ƙofar da ake bi

Maganarmu ta yau: ina ya kamata a kai mai naƙasa?

Wani yakan saida akuya, ya biya mota har Yamai, a ce masa ba nan ba ne. Kuɗi sun tafi, lalura tana nan. Ku fara da likitar da ke kusa da ku, a duba, a ba ku takarda.

Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, kada a jira ya fara tafiya. Tun yana ɗan makonni ake ɗaure ƙafar, ana sake ɗauri kowane mako har ta miƙe. Asibitin CURE na Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana wannan aiki.

Mai tabo a fata wanda ba ya jin tsunkuli, ya nufi Danja, kusa da Maraɗi. Maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko 12.

Yaro kurma kuwa, lakkwal ɗin kurame yake bukata. Tsohon da yana ta rufe wa ido, a kai shi wurin likitan ido a cire ta, jikan da ke ja masa sanda ya koma lakkwal.