Wutar da Muke Ɗauke da Ita a Aljihu



Da wuya a sami gidan malami a Rimin Gado da babu batirin litiyam a cikinsa. Yana cikin wayar da muke jiran saƙon albashi da ita, yana cikin fitilar sola da muke duba aikin yara da ita bayan isha'i. Ya kamata mu san abin da muke kwana da shi.

Ɓangare ɗaya na batirin nan gawayi ne, irin na bakin fensirin ɗalibanmu. Akwai wani ruwa a ciki, wanda ƙwayoyin litiyam ke bi su shige gawayin idan ana caji, su fito idan ana aiki da wayar. Wannan ruwa mai saurin kama wuta ne. In zafi ya yi yawa, ko aka huda batirin, ko aka haɗa shi da caja maras kyau, sai ya kumbura, wani lokaci har gobara ta tashi.

Masana na neman magani a wurin gishiri. Gishirin miyarmu ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, amma a shekarar 1914 wani masani, Paul Walden, ya bayyana gishirin da ke zama ruwa tun daga digiri 12. Yawancin irin waɗannan ruwayen gishiri ba sa tururi, kuma da ƙyar suke kama wuta. Sai dai suna da kauri, litiyam ba ya ratsa su da sauri. Suna da tsada. Wasunsu kuma kan kutsa cikin gawayin su farfasa shi. Shi ya sa har yanzu ba su ne ke cikin wayoyin da muke saya a kasuwar Farm Centre ta Kano ba.

Kafin su iso, tsaron yana hannunmu. Mu koya wa yara: kada a bar waya a rana, musamman da bazara, kada a yi caji ƙarƙashin matashin kai, batirin da ya kumbura a daina aiki da shi, wanda ya mutu kada a fasa shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wa shara wuta. Abin da yaro ya ji a aji, shi yake kai wa uwarsa gida.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara. Wassalamu alaikum.