Jawabi: In mota ta buge ka, ga hanyar neman diyya



Yau maganarmu a kan haɗarin mota take. Garuruwanmu da yawa suna bakin gudron da ya tashi daga Yamai, ya bi ta Konni da Maraɗi har Damagaram. In mota ta buge mutum, sai mu ce ƙaddara ce, mu yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma marayu sai sun ci abinci.

Doka ta tilasta ma kowane mai mota ya yi asiransi, wadda waɗansu ke ce ma inshora. Wannan doka ana kiranta CIMA. Nijar da waɗansu ƙasashen Afirka suka sa mata hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Kamfanin asiransi shi ne ke biyan wanda aka ji ma ciwo.

To, ga abin yi.

Na fari, a kai mai rauni likita. A karɓi takardar likita wadda ta faɗi irin raunin. A adana duk takardun sayen magani.

Na biyu, ku da kuka iya karatu, ku rubuta lambar motar da sunayen shaidu. Kada a bugi direba.

Na uku, a kira jandarma, ko ƴan sanda in cikin birni ne. Su za su auna wurin, su rubuta takardar da ake ce ma konsta. In babu ita, magana ta yi wuya.

Na huɗu, a kai takardu ga kamfanin asiransin motar. In mutum ya rasu, magada su kai takardar mutuwa da takardar gado da takardun haihuwar yara.

Kamfani zai faɗi kuɗin da zai biya. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In ka yarda, daga baya ka gane an saɓa doka, kana da kwana 15 ka janye a rubuce. In ba ku daidaita ba, sai gaban alƙali.

Kada a yi sanyin jiki: bayan shekara 5, hakkin kai ƙara ya faɗi. Ku yi hattara da ƴan tsakiya masu cewa a raba diyya da su.

Ku isar da wannan magana ga waɗanda ba su zo ba. Allah ya tsare mu.