Abin da hasken tauraro ke ɗauke da shi



Waɗanda suka yi filo a ajin ƙarshe na lise sun san Auguste Comte. A 1835 wannan masanin na Faransa ya rubuta cewa ɗan Adam zai iya auna nisan taurari da tafiyarsu, amma ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikinsu ba. Maganar tana da kan gado: wa zai je can ya ɗebo? Ya rasu a 1857. Shekara biyu bayan nan aka samo hanyar, kuma ba wanda ya je ko'ina.

Ku watsa ɗan gishiri cikin wutar gas, harshenta zai koma rawaya. Sodiyam da ke cikin gishirin ne ke ba da wannan launi, kuma ko gishirin Bilma ne ko na teku, rawayar iri ɗaya ce. Kowane sinadari haka yake da launukansa, kamar zanen yatsa.

Hasken rana kuwa, in ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan baje kamar bakan gizo. A 1814 wani mai sana'ar gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya duba bakan da kyau, sai ya ga siraran layuka baƙaƙe sun tsaga shi. Ya lissafa sama da 500, bai san dalilinsu ba. A 1859 Kirchhoff da Bunsen, a birnin Heidelberg, suka warware: sinadari yana haɗiye ainihin launin da yake fitarwa in ya yi zafi. To hasken da ke fitowa daga cikin rana yana bi ta iskar da ke lulluɓe da ita, kowane sinadari ya cire rabonsa, gurbin ya zama baƙin layi. Layuka biyu da ke manne da juna cikin rawaya, sodiyam ne. Gishirin miya ke nan, a nisan kilomita miliyan 150.

A 1868 aka ga wani layi rawaya a hasken gefen rana wanda bai dace da kowane sanannen sinadari ba. Aka sa masa suna hiliyam, daga kalmar rana a Girkanci. Sai a 1895 aka same shi a doron ƙasa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Cecilia Payne, ƴar Ingila da ke karatu a Harvard. A 1925, ba ta wuce shekara 25 ba, ta karanta layukan nan ta gano cewa taurari kusan duka haidurojin ne da hiliyam. Manyan fannin a lokacin sun ɗauka rana da ƙasa kayansu ɗaya. Babban malami Henry Norris Russell ya ce mata ba zai yiwu ba, ita kuma ta rubuta cikin kundinta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. A 1929 Russell da kansa ya iske lissafinta daidai ne. Ni dai ba na ganin laifinta. Ɗalibi nawa a ɗakin nan zai iya ja da malamin da ke duba aikinsa? Amma lambobin ta bar su cikin kundin, ba ta goge ba.

Daga nan aka fahimci rayuwar tauraro. Gajimaren iskar gas ne nauyinsa ke matse shi har cikinsa ya yi zafi, haidurojin ya fara haɗewa yana zama hiliyam. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15. Nauyi na dannawa ciki, zafi na turawa waje. Muddin sun yi kunnen doki, tauraro na raye. Rana ta yi shekara miliyar 4 da rabi a haka, saura kamar miliyar 5. In haidurojin na tsakiya ya ƙare za ta kumbura ta yi ja, ta zubar da ɓawonta, a bar ɗan farin garwashi mai girman duniyarmu yana hucewa.

Manyan taurari ba su da wannan haƙurin. Suna cinye makamashinsu cikin ƴan miliyoyin shekaru, suna ƙera sinadarai masu nauyi ɗaya bayan ɗaya har su kai ga ƙarfe. Haɗa ƙarfe ba ya ba da zafi, sai tsakiyar ta rufta, tauraron ya tarwatse. A 1054 masanan Sin sun rubuta wani sabon tauraro da ake gani ko da rana tsaka har kwana 23. Tarkacensa na nan yana bazuwa. Ƙarfen da ke cikin jininku da na hauyar manomi daga irin fashewar taurari ya fito, tun kafin a yi rana.

Launi ma yana faɗin zafi, kuma maƙeri ya san wannan: ƙarfe ja bai kai fari zafi ba. In sanyi ya shigo ku fita bayan gari bayan isha'i, ku dubi Kaza da ƴaƴanta. Shuɗi-shuɗi suke, masu zafi, shekarunsu kamar miliyan 100 kacal, jarirai ke nan. Gabas da su akwai Betelgeuse, ja, tsoho mai jiran fashewa.

Wanda ke da tsohon faifan CD a gida, ya karkata shi gaban fitilar neyon a ɗaki mai duhu, daga ɗan nesa. Maimakon bakan gizo mai santsi zai ga launuka a rarrabe. Kore mai haske ɗin nan da shuɗin, na tururin merkuri ne da ke cikin fitilar. Ban da rana dai, kar kowa ya gwada da ita, ido ba ya da sauyi.