Ganɗoki a Ranar Suna

A ce mai ɗakinka ta sauka, an sami ɗa namiji, kai kuma tun kana makaranta ba ka da gwarzo kamar Ganɗoki. Ko ya dace ka raɗa wa yaron wannan suna?

Sha'awar tana da dalili. Littafin Ganɗoki na Malam Bello Kagara yana cikin waɗanda suka yi fice a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Jarumin ya yi gaba da gaba da Turawan mulkin mallaka. Wane uba ne ba zai so ɗansa ya gaji irin wannan zuciya ba?

Amma ka tuna da safiyar suna. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana rabon goro, rago na ɗaure, liman ya karkato kunne yana jiranka. Kana cewa Ganɗoki, dattawa za su dubi juna. Kuma yaron ne zai ɗauki sunan har tsufa. Shi malami zai kira a aji, shi zai sha tsokana in ya taso mai sanyin hali.

Ni dai ina ganin a yanka ragon da sunan Umar ko Aliyu. A gida kakanni su riƙa kiransa Ganɗoki, yadda ake kiran Ɗanjuma da Tanko. In ya girma ya karanta littafin, ya ga laƙabin ya yi masa, sai ya riƙe abinsa.