Waken Gizo: Jawabin Mushen Lakkwal a Taron Ƙungiya

Iyayena dattawa, ƴan'uwa ƴan ci-rani da kuka zo daga Yamai da Kwatano, barkanmu da saduwa lahiya. Yaro ne ke magana gaban manya, sai ku yi mini haƙuri.

Zancena a kan waken gizo ne, wannan da ke yaɗo bisa darni, mai hure shuɗi-shuɗi, wanda muke tugewa muna cewa haki. Kwanan baya na tambayi ƴan lakkwal ɗina wa ya san shi. Biyu kaɗai suka ɗaga hannu. Alhali masana sun ce shi ne kakan waken da muke nomawa, kuma nan Afirka ne asalinsa.

Amfaninsa ba a tukunya yake ba. Hurensa na buɗewa da sassahe, kamin rana ta take ya ruhe. Lokacin nan ƙudan zuma ke sauka kansa, da babban ƙudan nan baƙi mai huda icce. In kwanson ya bushe, da kansa yake fashewa, ƴaƴan su watsu, zabin daji da fakara da kurciya su samu na tsinta. Zomo da bushiya na laɓewa ƙarƙashin ganyensa. Ku tono saiwarsa, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle: su ke ƙara wa ƙasa ƙarhi, kamar na waken gida.

Iyayena, kun hi ni sanin yadda dajinmu ya koma bayan farin 1973 da na 1984. Kun kuma ga abin da sassaben zamani ya yi a ƙasar Maraɗi: an bar tohon gawo da kalgo, gonaki suka sake yin inuwa. To, iccen ya dawo, saura abin da ke hawansa.

Ga yadda ake shibka shi. A tsinko kwanso da kaka tun bai fashe ba. Fatar ƴaƴan na da tauri, sai a ɗan goga su bisa dutsi. In ruwan shibka ya sauka, a sa ƙwaya biyu ko ukku a rami, gindin darni ko ƙaya, taki ɗaya tsakani. A tsare shi daga awaki.

Abu biyu za a kiyaye. Kada a sa shi kusa da waken da za a ɗebi iri, don ƙudan zuma na gauraya su, irin ya lalace. Mai feshin magani kuma ya bari sai marece, bayan hure ya ruhe.

Roƙona, ƙungiya ta ba mu darnin lakkwal bana mu gwada, ni da yara. Wanda ya san inda ya saura a daji, ya nuna muna kamin kaka ta wuce.

Allah ya ba mu damana mai albarka.