Jawabi Game da Tsofaffinmu da Ke Gidajen Jinya

 

Abin da ya tara mu yau sha'anin tsofaffinmu ne, waɗanda larura ta kai gidajen jinya a nan Amurka. A zangon Kumasi ko Nima tsoho a ɗakinsa ya ke tsufa, jikoki na kai da kawowa. Nan kuwa kowa ya fita neman abinci tun asuba, in ciwo ya yi tsanani sai gidan jinya. Ba mu zo zargin kowa ba. Tambayarmu ita ce, tsohon da ya shiga can, wa ke yanke masa shawara?

Dokar ƙasar nan ta ce shi da kansa. A shekarar 1987 aka kafa dokar gyaran gidajen jinya, wadda ta hau kan kowane gida mai karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid. Bisa gare ta, mazaunin gida yana da ikon zaɓen likitansa, da ƙin maganin da ba ya so, da karɓar baƙinsa, da riƙe kuɗinsa. Ba a ɗaure shi, ba a kuwa ɗirka masa maganin barci don ma'aikata su huta. A 2016 aka ƙara fayyace ƙa'idodin, har aka ce a lura da addinin mutum da al'adarsa wajen abinci. Watau dattijon da ya ce a tashe shi sallar asuba, a kawo masa halal, ba alfarma ya ke roƙo ba.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. A 1976 waɗansu masana biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka buga labarin gwajin da suka yi a wani gidan tsofaffi a jihar Konetikat. Kashi ɗaya aka ba su tsiro su riƙa ba shi ruwa da kansu, su kuma zaɓi daren da za su kalli majigi. Ɗaya kashin aka ce musu ma'aikata za su yi musu kome. Bayan wata 18, 15 cikin 100 na masu zaɓi suka rasu, na waɗancan kuwa 30. Mutanen ba su kai ɗari ba, ajali kuma na Allah ne, amma lalle akwai abin lura.

To, ga inda maganar ta taɓa mu. Sau da yawa ba Turawa ke ƙwace wa tsoho bakinsa ba, mu 'ya'yansa ne. Likita ya tambayi Baba, sai ɗa ya amsa, wai don Baba ba ya jin Turanci. Rashin Turanci ba rashin hankali ba ne. A nemi tafinta, a fassara masa, a yi shiru ya amsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ko azumi ne ga mai ciwon sukari, likita ya gaya masa haɗarin, malam ya gaya masa rangwamen da shari'a ta yi wa tsoho da majinyaci, sa'an nan a bar shi ya faɗi tasa. 'Yan'uwanmu masu aikin jinya, ku ma da ku mu ke: tsohuwar wani da kuka riska ba ta son wanka yanzu, ko Musulma ce ko ba Musulma ba, ku tambaye ta yaushe ta ke so.

Saura ranar da hankali zai gushe. Tun mutum yana da lafiya ya kamata ya rubuta takardar wakilci, ya ambaci wanda zai yi magana da likita a madadinsa. A jihar Niyok shaidu biyu baligai sun isa, ba sai an je wurin lauya ba. In kuwa gida ya ƙi sauraron mazauninsa, kowace jiha tana da jami'in karɓar koken mazauna gidajen jinya, kyauta ya ke aiki, doka kuma ta sa a manna lambarsa a bangon gidan.

Wassalam.