Jawabin Taron Wata: A Riƙe wa Majinyaci Rumfarsa

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, 'yan'uwa mazauna Sabo.

Akwai wata ɗabi'a tamu a nan Ibadan da ya kamata mu duba. Da zarar ɓarin jikin mutum ya shanye, sai mu yi karo-karo mu sa shi a mota zuwa Arewa, kafin wata biyu an ba wani rumfarsa. To, in ya warware ya dawo fa, ina zai zauna?

Wannan ciwo galibi hawan jini ke kawo shi, ba jifa ba ne. Kuma watannin farko ne gashi da motsa jiki suka fi amfani, ga sashen gashi nan kusa a asibitin UCH. Ɗan goro ba dole sai ya ɗaga huhu ba. In baki da lissafi sun dawo, ya zauna rabin yini, yaro ya yi ɗauka, shi ya yi ciniki. Direba kuwa kada ya taɓa sitiyari sai likita ya yarda. Magani ma, jama'a, ba a barinsa don an ji sauƙi.

Muna roƙon shugabannin kasuwa su riƙe wa irin wannan ɗan'uwa rumfarsa har shekara guda.